Yarinyar da ke Ƙarƙashin Keken Ɗinki

Ɗakin da aka ba tsohuwar tela shi ne na can ƙarshen gida, bayan kicin, kuma ba za a ce an cuce ta ba. Akwai gado da sabuwar katifa, akwai fanka, akwai taga mai kallon bangon maƙwabta. Kekenta na ɗinki ma an shigo mata da shi, duk da surukarta ta so a kai shi sito don yana tare hanyar banɗaki. Ɗanta ba ya fita aiki sai ya leƙo ya gaishe ta, jaka a hannu, ƙafa ɗaya a waje. Jikoki su ma su leƙo su ce sun tafi, kafin ta gama amsawa an rufe ƙofar mota. Daga nan gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai gurnanin firij har yamma. Ba wanda ya yi mata laifi, kuma wannan ne ya fi ci mata rai, don da akwai mai laifi da ta samu wanda za ta yi wa faɗa.

Ɗan nata ne ya ji labarin wani shiri na jami'ar garin, inda ɗalibai ke zuwa wurin tsofaffi sau ɗaya a mako, su zauna da su, su ɗebe musu kewa, su saurari tarihin rayuwarsu. Ya shigar da ita ba tare da ya tambaye ta ba. Ta ce ita ba ta son baƙi, kuma ba ta ga abin da yaran zamani za su yi da surutun tsohuwa ba. Amma ranar da za a fara zuwa, tun da safe ta sa aka share mata ɗaki, ta ɗaura ɗankwalin da ba ta ɗaurawa sai za ta unguwa.

Akwai abin da ya sa ta sauko da wuri haka. Kafin a haifi wannan ɗan nata, a wani garin, ta taɓa haihuwar 'ya mace. Yarinyar ta yi wayo, ta iya magana, ta iya ɓarna, sai zazzaɓi ya ɗauke ta. Mijin tela bai iya jin an ambace ta ba. Ya tattara su suka bar garin, ya roƙe ta kada a sake tayar da maganar a gidansa, ita kuwa ta riƙe masa wannan roƙo har ya koma ga Allah. Ɗan nata ya san an yi wata kafin shi ta rasu, amma irin sanin da mutum ke yi wa ruwan da aka yi kafin a haife shi. Iyayenta sun tafi, 'yan uwanta sun tafi, maƙwabtan wancan garin ba ta san inda suke ba. Duk duniya ita kaɗai ta rage da ta san yadda yarinyar nan take dariya. Ga shi kuma kwanan baya ta fara neman almakashinta alhali yana hannunta. Tsoronta ke nan. Tana so ta damƙa yarinyar a hannun wani kafin kanta ya sake ta.

Sai dai shirin yana da dokoki biyu, kuma malamar da ke kula da shi ba ta wasa da su. Ta farko, ɗalibi ya fara da tsoho daga farkon rayuwa, a bi ta daki-daki, kada a yi tsallake, don tsallake yana rikita tsofaffi. Ta biyu, duk ƙarshen zango a canza ɗalibi, kada tsoho ya shaƙu da yaro har rabuwa ta zame masa ciwo. Dokoki ne masu kyau, an zauna an yi su da kyakkyawar niyya a ofis mai sanyi. Abin da ba a lissafa da shi ba shi ne tsohuwar da ba ta iya ba da labari a taƙaice.

Wanda aka fara turo mata wani dogon saurayi ne mai karatun injiniya, sai ya sunkuya yake shiga ɗakin. Ta ce masa da ta san falwaya za a aiko mata da ta sa an ɗaga rufin. Ya yi dariya, ya zauna a kan kujerar roba, gwiwoyinsa kusan a haɓarsa, ya ce, "Kaka, a ina aka haife ki?"

Ta faɗa masa. Gidan da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, inda kwanuka ke rawa a kan kanta duk sanda jirgi ya wuce. Babanta mai gyaran agogo, wanda bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba. Yayarta da ta koya mata zura zare a allura, tana ranƙwashinta in ta kuskure. Mako ya bi mako, ta shiga makaranta, ta fita, ta zauna koyon ɗinki a shagon wata mata mai faɗan tsiya, ta sayi kekenta na kanta. Daɗin abin ya kwashe ta, don rabon da wani ya zauna ya ji ta har ta kai ƙarshen zance ta manta. Kuma a ranta tana ganin hanya ce take bi, a hankali za ta kai. Maganar da mutum ya binne shekara da shekaru ba ya iya tono ta da rana tsaka, sai ya biyo ta hanyar da ya bi ya same ta.

Ranar da ta kai ga saurayin da zai zama mijinta, wanda ya kawo wando a rage masa tsawo, ya dawo washegari wai a mayar masa da tsawon, ranar Dogo ya gaya mata zango ya ƙare. Ya kawo mata lemo a leda, ya yi godiya har da ƙwalla. Yaron kirki ne, ba abin da za a ce.

Bayan hutu aka turo wata 'yar gajera mai yawan dariya. Ta zauna a kujerar nan ta roba, ta gyara zama, ta ce, "Kaka, a ina aka haife ki?"

Tsohuwa ta dube ta, ta ce ai ta gaya wa wancan dogon. Yarinyar ta ce ita ba ta ji ba, kuma an ce kowa ya fara daga farko. To, baƙuwa ce, ba a korar baƙo da gardama. Kwanuka suka sake rawa a kan kanta, mai gyaran agogo ya sake makara. Wannan karon ta yi ƙoƙarin sauri, amma Mai Dariya ba ta barin abu ya wuce, sai ta ce a maimaita mata wurin ranƙwashi, ta riƙe ciki tana dariya.

A tsakiyar zangon ne abin ya faru da butar shayi. Surukarta ta same ta a cikin firij, da ruwan zafinta. Aka yi dariya a falo, tsohuwa ma ta taya su, amma da ta koma ɗaki ta kasa tuna lokacin da ta sa butar a ciki. Ɗanta ya kai ta asibiti. Likita ya yi mata tambayoyin yara, ta amsa wasu, wasu suka gagare ta, sannan ya ja ɗan nata gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa, kamar ita ba ta san me ake faɗa a gefe ba.

Da Mai Dariya ta zo a makon, tsohuwa ba ta jira tambaya ba. Ta tattara duk ƙarfin da take da shi, ta ce, "'Yar nan, ina da wata yarinya."

"Za mu zo kan 'ya'ya, Kaka," in ji ɗalibar, cikin ladabi da murmushi. "Yanzu muna shagon matar nan mai faɗa. Kada mu rikice."

Sai tsohuwa ta koma kan labarin shagon. Ba ta yi fushi da yarinyar ba, abin da aka koya mata ta yi. Amma ƙofar da ta buɗe da ƙyar ta koma ta rufe, kuma ba ta sake samun ƙarfin taɓa ta ba a zangon. Suka kai ranar aure, zango ya ƙare. Mai Dariya ta kawo mata sabulu mai ƙamshi.

Ta uku wata siririya ce mai tabarau, mai karatun aikin jinya, ba ta da yawan magana. Ta yi sallama, ta zauna, ta buɗe baki. Tsohuwa ta ɗaga mata hannu.

"In kin tambaye ni inda aka haife ni, ga ƙofa can. Sau biyu ana haihuwata a ɗakin nan, har aure an yi mini. Na gaji."

Mai Tabarau ta mayar da tambayarta ciki. An koya mata yadda ake fara hira, ba a koya mata abin da ake yi in an hana farawa ba. Ta zauna tana kallon hannayenta har lokaci ya cika, ta tashi ta tafi. A hanya ta yi niyyar roƙon malama ta canza mata tsohuwa, sai kunya ta hana ta. Mako na gaba ta dawo, aka sake zaman kurame. Tsohuwa tana kallon bangon maƙwabta, ita tana kallon keken ɗinki. A zuwa na uku ne, don ta samu abin yi da hannunta, ta ɗauko wani gwangwanin madara da ke kan keken, ta ji yana ƙara. Ta buɗe, ta ga maɓallai ne cike, manya da ƙanana, ba biyu masu kama ɗaya. Ta tambaya ko na aiki ne.

"Ba nawa ba ne," in ji tsohuwa. "Na mai su ne."

Ɗalibar ba ta ce komai ba. Ba dabara ba ce, ita dai ba ta san me za ta ce ba. Shirun ya yi tsawo har tsohuwa ta ga ba wanda zai mayar da ita tashar jirgi, sai ta ci gaba da kanta.

Ta ce akwai wata yarinya da ba ta da wurin zama sai ƙarƙashin keken nan. Uwar tana taka keke, ita tana ƙasa kusa da ƙafarta tana tsintar maɓallan da suka faɗo. Daga baya ta ga jiran su faɗo ɓata lokaci ne, ta koma cire su daga kayan mutane da haƙori. Wani babban ma'aikaci ya taɓa zuwa karɓar rigarsa, ya sa ta a gaban madubi, ya tarar ba maɓalli ko ɗaya. Uwar ta ba shi haƙuri har ta gaji, yarinyar kuwa tana ƙarƙashin keke kumatu a cike. Tun daga ranar ake ce mata Maɓalli.

Tsohuwa ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, irin kukan da ya daɗe yana jiran a ba shi hanya. Mai Tabarau ta tsorata, don an ce musu in tsoho ya shiga damuwa a sauya zance. Ta nemi zancen da za ta sauya ta rasa, sai kawai ta matso da kujerarta ta riƙe mata hannu.

Daga ranar, duk zuwa sai a zazzage gwangwanin a kan gado. Tsohuwa ta ɗauki maɓalli ɗaya ta juya shi, wani ya zo da labarinsa, wani ya zo wayam. Wannan ja daga rigar wata amarya ya fito, Maɓalli ta ɓoye shi a cikin takalmin babanta. Wannan na ƙarfe ta taɓa tura shi a hanci, aka kwashe ta sai asibiti, tana atishawa ya faɗo a gaban likita. Tana kiran almakashi kada, wai don yana cin yadi. Ba ta yin barci sai ta ji ƙarar keke, har uwar takan taka shi ba zare ba yadi don kawai ta samu ta kwanta.

Amma labarin ba ya zuwa a jere, kuma ramukan da ke cikinsa suna ƙaruwa. Wata rana ta tsaya a tsakiyar zance ta tambayi ɗalibar ko ita ce ta kawo wando a rage. Wata rana ta riƙe jan maɓallin nan ta daɗe tana kallonsa, ta ce ta san yana da magana amma ta tafi. Mai Tabarau ta tuna mata da takalmin baba. Tsohuwa ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Yawwa. To ki riƙe da kyau, ni hannuna ya fara saki."

Abu ɗaya ne ba ta taɓa ba, wato yadda yarinyar ta tafi. Duk sanda ta matso kusa sai ta mayar da maɓallan cikin gwangwani ta ce sai wani makon. Ta ce tana so ta faɗe shi sau ɗaya a rayuwarta, da bakinta, tun daga ranar da jikin ya yi zafi har zuwa abin da yarinyar ta ce mata a ƙarshe, don kuwa yarinyar ta faɗi wata magana, kuma ko mijinta ba ta gaya wa ba. Tana dai tara ƙarfi ne.

Zango kuwa ba ya jiran mai tara ƙarfi. Da Mai Tabarau ta ga saura kaɗan, ta je ofishin malama ta roƙa a bar ta da tsohuwarta zango na gaba. Malama ta saurare ta da kyau, ba muguwa ba ce. Ta ce wannan shaƙuwar ita ce ainihin abin da dokar ke gudu, kuma in ta yi wa mutum ɗaya sai ta yi wa kowa. Ta ƙara da cewa ɗalibin da zai gaje ta zai kula da Kaka sosai. Ɗalibar ta so ta ce wanda zai gaje ta daga tashar jirgi zai fara, amma ba ta saba musu da manya ba, ta yi godiya ta fito ranta a ɓace.

A zuwanta na ƙarshe ta tarar tsohuwa ba ta jin daɗi, mura ta kama ta, tana ta gyangyaɗi. Ba a zazzage gwangwani ba. Da za ta tafi, ta durƙusa a bakin gado ta ce mata ko an canza ta za ta dawo da ƙafarta, ba da sunan shiri ba, da zarar ta gama jarrabawa da aikin asibitin da za a tura su. Tsohuwa ta ce Allah ya kai mu, ta ce kuma kada ta daɗe.

Ta daɗe. Ba da son ranta ba, asibitin da aka tura su yana wani gari, kuma ba a ba su hutun kirki ba. Takan tuna, ta ce gobe za ta kira gidan, gobe ta zo da nata aikin. Da ta dawo, ko jakarta ba ta kwance ba ta kama hanya.

Ɗan tsohuwar ne ya buɗe mata, ranar ba aiki. Ya gane ta, ya yi murna, sannan ya rage murya ya ce jikin Mama ya sauya tun bayan murar nan. Sun ma dakatar da zuwan ɗalibai. Tana ci, tana sha, ba ta da rigima, amma shi kansa wani lokacin sai ta gaishe shi kamar baƙo. Ya raka ta har ɗakin, ya tsaya a bakin ƙofa.

Tsohuwa tana zaune a bakin gado, ta rame, ɗankwalinta a karkace. Ta amsa sallama da fara'a, ta nuna wa baƙuwa kujerar roba. Babu alamar ta taɓa ganin wannan fuskar. Mai Tabarau ta ja kujerar kusa da gado. Ta ɗauko gwangwanin daga kan keke, ta zazzage shi a kan gado kamar yadda suka saba. Tsohuwa ta ce kai, maɓallai masu kyau, a ina aka samo su.

Sai ɗalibar ta fara ba ta labarin. Ta ce akwai wata yarinya da ba ta da wurin zama sai ƙarƙashin keken ɗinki. Ta faɗi na babban ma'aikaci da rigarsa, ta faɗi na hanci da atishawa, ta faɗi kada mai cin yadi, da keken da ake takawa ba zare. Ba ta bar ko ɗaya ba, har da yadda tsohuwar ke kumbura kumatu in ta zo wurin. Tsohuwa ta saurara da dukkan hankalinta, tana dariya a inda ake dariya, har tana tafa hannu.

"Kai, wannan yarinya da ɓarna take," ta ce. "'Yar wace ce?"

"Taki ce, Kaka."

Tsohuwa ta yi dariya ta rufe baki da gefen ɗankwali, kamar budurwar da aka tsokana. Ta ce ita da ko aure ba ta yi ba, ina ta ga 'ya. Akwai dai wani mai kawo wando, amma ba a yi magana ba tukuna.

Ɗan nata bai motsa daga bakin ƙofa ba. Mutum ne mai furfura a gemu, da 'ya'yansa, amma fuskarsa ta koma ta ƙaramin yaro. Bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin wannan ba. Shekara nawa yana wuce gwangwanin nan, ya ɗauka tarkacen tela ne. Ya shigo a hankali ya tsuguna, ya ɗauki jan maɓallin, ya tambayi ɗalibar da wata irin murya, "Yayata ke nan? To daga nan sai me ya faru? Me ta ce da ita?"

"Nan muka tsaya, Baba," in ji ta. "Ta ce sai wani makon."

Ya juya ga uwarsa, ya kira ta, ya sa mata maɓallin a tafin hannu, ya roƙe ta ta tuna. Ta dube shi da tausayi, irin wanda ake yi wa baƙon da ya yi ɓatan hanya, ta mayar masa da abinsa. Sannan ta juya ga Mai Tabarau, ta gyara zama, ta gyara ɗankwali, fuskarta ta washe kamar wadda ta tuna aikin da aka zo yi.

"'Yar nan, ba ki tambaye ni ba," ta ce. "A kusa da tashar jirgi aka haife ni."